Yadda ake rushe “bango” a wasan tanis

A kowane kulob na tanis akwai mutum ɗaya da samari ba sa son a haɗa su da shi, ko da yake ba sa faɗa. Ba shi da ƙarfin bugu, sabis ɗinsa, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, kamar mai miƙa maka goro, amma duk ƙwallon da ka aika masa sai ta dawo. Mu a wurinmu “bango” muke ce wa irinsa. Nawa bangon wani dattijo ne ɗan fansho mai ɗaure gwiwa da bandeji. Ranar da muka fara karawa ya ci ni 6-2, 6-1, kuma ban tuna ya buga ƙwallo ko ɗaya da ta gagare ni kaiwa ba. Da muka gaisa a bakin raga na ce, “Baba, yau ka ba ni wahala.” Ya share gumi ya ce, “Yaro, ni me na yi? Kai ka yi ta ba ni, ni kuwa ba na mayar da kyauta.”

Na fi shekara ina fama da shi. Duk wanda na tambaya sai ya ce in ƙara kai hari, ni kuma sai in ƙara ƙarfin dantse, asarar ta ninka. Daga baya na gane cewa harin da ke rushe bango da ƙafa ake kai shi. Ka matso ka ƙwace masa lokaci, ka ƙwace masa fili, ka sa shi buga abin da bai saba ba. Bayanin nan na mai bugu da dama ne, bahago sai ya juya komai.

Kayan aiki

Raket mai zare mai rai. Yawancin raket ana ja musu zare tsakanin kilo 22 zuwa 27. Zaren da ya shekara ba a sake shi ba ya riga ya saki, ƙwallo za ta riƙa zarce inda ka nufa, kai kuma ka yi ta zargin hannunka.

Ƙwallaye kashi biyu. Tsofaffi kamar 20 zuwa 30 a bokiti don atisaye, sai sabon gwangwani don wasan gaske. Na san ƙwallo ta yi tsada, amma matacciyar ƙwallo ƙawar bango ce: ba ta gudu, komai ka zuba mata sai ya tarar da ita.

Takalmin tanis na ainihi, domin za ka riƙa taka burki da ƙarfi. Takalmin gudu mai tudun dunduniya yana turguɗa ƙafa.

Alamomi huɗu. In babu na roba, gwangwanin ƙwallo ko gorar ruwa sun isa. Sai alli, da ɗan littafi da biro, da abokin atisaye mai haƙuri. In ba ka da aboki, zan faɗi abin da katanga za ta iya yi maka.

Abu na ƙarshe riƙo ne. Ka koyi riƙe raket kamar yadda kafinta ke riƙe guduma. Da wannan riƙon ake sabis, da yanka (bugun da ke shafar ƙasan ƙwallo), da tare ƙwallo a raga, da simash (dukan ƙwallo daga saman kai). Wanda bai iya shi ba, ya tsaya ya koya kafin ya shiga mataki na 5.

Mataki na 1: Ka san ta inda ake cin ka

Ka ba abokinka littafin ya zauna gefe set ɗaya kawai, wato kashi ɗaya na wasan. Duk makin da ka rasa ya rubuta ɗaya daga cikin uku: ta faɗa raga, ta fita waje, ko abokin karawa ne ya buga ta gagare ka. Ya kuma rubuta a bugu na nawa aka yi asarar. Lokacin da aka yi mini wannan, kunya ta kama ni. Kusan duk asarata a bugu na huɗu ko na biyar take, daidai lokacin da haƙurina ke ƙarewa in ce bari in kashe ta daga inda nake. Inda nake kuwa nesa ne, bayan layin baya, wato layin ƙarshen fili, da taku uku.

Mataki na 2: Ka gyara wurin tsayuwa

Bango yana aiko da ƙwallo mai tashi sama a hankali, kai kuma ba tare da ka sani ba sai ka riƙa ja da baya kana jiran ta sauko. Duk takun da ka ja baya lokaci ne ka ba shi ya koma tsakiya ya huta.

Ka ja layi da alli taku ɗaya bayan layin baya. A atisaye, haramun ne ƙafarka ta tsallake shi. Dole ke nan ka buge ƙwallon tun tana tasowa daga ƙasa, ko a ƙololuwar tashinta kafin ta fara saukowa. Sirrin shi ne ka gajarta kai raket baya, ka juya kafaɗa da wuri, tun ƙwallon ba ta tsallako raga ba. Satin farko za ka yi ta buga gefen raket, kada wannan ya dame ka.

Wanda ke son ganin amfanin wannan ya nemi wasan ƙarshe na gasar Australian Open ta 2017. Shekara da shekaru Rafael Nadal yana cin Roger Federer ta hanyar jefa masa ƙwallo mai tsalle sama a ɓangaren bayan hannu, wato hagunsa. A ranar, Federer yana ɗan shekara 35 ya ƙi ja da baya, ya riƙa tare ta tun tana tasowa. Ana cin sa 1-3 a set na biyar, ya dawo ya ci 6-3. Ba na cewa za ka zama Federer, ƙafafunsa kawai nake so ka kalla.

Mataki na 3: Ka raba ƙwallo uku kamar fitilar danja

Ja ita ce wadda ta sauka dab da layin baya, ko ta sa ka gudu har ka miƙe hannu. Wannan a mayar da ita sama, da zurfi, ba wani kwalliya. Ruwan ɗorawa ita ce wadda ta sauka tsakanin layin sabis da layin baya kuma kana tsaye daram. Wannan za ka iya ƙara mata nauyi ko ka canza mata hanya, amma ba ta kisa ba ce. Kore ita ce wadda ta sauka a layin sabis ko gabansa. Daga raga zuwa layin sabis mita 6.40 ne, ke nan ƙwallon da ta faɗi nan ta gayyace ka cikin fili, kuma ƙin amsa gayyatar laifi ne babba kamar kai hari a kan ja.

Atisayen mai sauƙi ne: kuna bugawa, kana kiran launin da babbar murya kafin ƙwallon ta taɓa ƙasa. Mutane za su yi maka dariya. Bari su yi. Idan sai bayan ta sauka kake iya kira, ka makara, kuma wannan makarar ce ke sa ka isa kore a guje kana haki ka zuba ta a raga.

Mataki na 4: Ka ƙera koren da kanka

Bango na gaske ba ya ba da gajeriyar ƙwallo haka kawai, sai an matsa masa. Ga abin da ya kamata ka sani game da filin. Tsawonsa mita 23.77, faɗinsa a wasan mutum ɗai-ɗai mita 8.23. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke karkace kuwa ya ɗan haura mita 25. Raga a tsakiya tsayinta santimita 91.4, a jikin sanda mita 1.07. Wato bugun karkace yana bi ta inda raga ta fi gajarta, ya kuma sami fili mafi tsawo. Shi ne hanyarka ta yau da kullum. Bugun bin layi sai da dalili.

Ka sa alamominka mita ɗaya cikin fili daga layin gefe, mita ɗaya da rabi daga layin baya. Nan za ka riƙa nufa. Mai nufar layi yana roƙon sa’a ne.

Hanya uku nake samun kore. Ta farko, ƙwallo mai murɗawa da tashi sama zuwa bayan hannunsa, sau biyu ko uku a jere, har ta kai masa kafaɗa. Ta biyu, yanka mai shafar ƙasa nan da nan bayan mai tashin, don idonsa da gwiwarsa su rikice. Bango yana rayuwa ne a kan kiɗa ɗaya, in ka canza kiɗan sai rawar ta canza. Ta uku, karkace mai gajarta da ke fitar da shi ta gefen fili. Irin waɗannan ’yan wasa sun ƙware a gudun hagu da dama a bayan layi, amma in ka fitar da su waje da gaba lokaci guda, amsarsu takan zo a gajarce.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya ga ya ci maki ɗaya da bugun ƙarfi daga nesa, sai ya ɗauka ya gano magani. Mutane na yawan tuna Robin Soderling da ya zama na farko da ya ci Nadal a gasar Roland Garros ta Faransa a 2009 da bugun ƙarfi zalla. Gaskiya ne, amma kafin ranar Nadal ya ci wasa 31 a jere a can, kuma da yawa cikin waɗanda ya ci sun gwada irin wannan ƙarfin.

Mataki na 5: Bugun shiga

Nan ne zuciyar al’amarin, don haka zan ɗan daɗe.

Da ka ga kore, ka taho da ƙananan taku masu sauri, ka tsaya gefe da ƙwallon, kada ka auka mata gaba da gaba. Ka duba tsayinta. In ta haura raga, buga ta da gaban hannu, da kashi bakwai cikin goma na ƙarfinka. In ta yi ƙasa da raga, yanka ta. Ƙwallon da ke ƙasa da raga in ka zuba mata ƙarfi, ko raga ko waje. Ka tuna kuma yanzu ka shigo ciki, filin da ke gabanka ya ragu da mita huɗu ko biyar, dole hannu ya ragu.

Ina za ka aika ta? Bin layi, da zurfi. A nan ne dokar mataki na 4 ke juyawa, kuma ga dalili. Hanyar ta fi gajarta, ba zai sami lokacin shiri ba. Sannan kana riga kana ɓangaren da ƙwallon take, taku biyu kawai ka rufe layin. In ka shiga da karkace, ka bar masa layi a buɗe kamar ƙofar kasuwa, kai kuma kana can ɗaya gefen.

Bayan ka buga kada ka tsaya kallon kyan bugunka. Ni wannan cutar ta daɗe a jikina. Ka bi ƙwallon, ka nufi ɓangaren da ka aika ta. Daidai lokacin da zai buga, ko ina ka kai, ka yi ɗan tsalle ka dira da ƙafa biyu a buɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Wanda bai yi wannan tsallen ba yana cikin gudu za a wuce shi, ba ya iya juyawa.

Atisaye: abokinka ya ba ka ƙwallo biyu masu zurfi, ta uku gajeriya. Ka shiga, ku ƙarasa makin. Sau 20 ta dama, sau 20 ta hagu. In babu aboki, ja layi da alli a jikin katanga a tsayin santimita 91, ka buga uku daga nesa, ka yanka ta huɗu, ka matso ka tare biyar ba tare da ta taɓa ƙasa ba.

Za a wuce ka, kuma sau da yawa. Ka shirya wa wannan tun daga gida. A gasar Australian Open ta 2017 a Melbourne, Mischa Zverev ya fitar da Andy Murray, wanda a lokacin shi ne na ɗaya a duniya kuma gwanin mayar da ƙwallo. Ya je raga fiye da sau 100, Murray ya wuce shi ba adadi, bai fasa zuwa ba. In kana cin shida cikin goma a raga, kana kan riba. Kai dai huɗun da aka wuce ka ne ke yi maka zafi, shi ya sa kake ganin kamar asara kake yi. Littafin nan zai raba gardama.

Mataki na 6: A bakin raga

Tare ƙwallo a sama ba ya son lilo da raket. Raket a gabanka, kansa sama da wuyan hannu, ka taka da ƙafa ka tura kawai, kamar mai kare mari. Tarewar farko takan same ka wajen layin sabis. In ƙwallon ta zo ƙasa, mayar da ita da zurfi ka ƙara matsowa. In ta zo sama da raga, karkata ta gefe a gajarce, magana ta ƙare.

Sai dai bango ba kasafai yake ƙoƙarin wuce ka ta gefe ba. Makaminsa cilla ƙwallo sama ta bayanka. Baba da na faɗa maka, har murmushi yake yi in ya ga na manne da raga. Saboda haka da irinsa kada ka matsa sosai, tsaya taku ɗaya ko biyu gaban layin sabis. Ka kalli raket ɗinsa: in fuskar ta kalli sama kuma ya jingina baya, cillawa ce.

Da ta tashi, juya gefe nan take, hannun hagu ya nuna ƙwallon, raket ya hau bayan kai, ka ja baya da takun gefe. Gargaɗi da babbar murya: kada ka taɓa ja da baya kana fuskantar raga. Na ga wanda dunduniyarsa ta harɗe ya faɗi ta ƙeya a kan siminti, ranar a asibiti aka ƙare. In ƙwallon ta yi sama ƙwarai ko rana ta shige maka ido, bar ta ta faɗi ta taso sannan ka buga. Simash ba ya bukatar ƙarfin fasa ƙasa. Nufi gefe da rabin ƙarfi. In ka ci uku a jere, za ka ga cillawar ta fara yi masa nauyi a hannu.

Kowace ranar atisaye ka yi simash 30 kafin ka tafi gida. Yawancinmu ba ma yi, shi ya sa dattawa ke cin mu.

Mataki na 7: Ka jawo shi gaba

Mutumin da ya shekara 20 a bayan layi, raga baƙon wuri ce a gare shi. Ka gayyace shi. Ajiya, wato ’yar ƙwallon da ake sauke wa dab da raga, ana yin ta ne kana cikin fili shi kuma yana can baya. Ka shirya kamar za ka yanka da zurfi, sai ka sassauta riƙo ka shafi ƙasan ƙwallon. Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar Wimbledon a 2022 da 2023, gwana ce a wannan, haka ma Dustin Brown ya rikita Nadal da ita a Wimbledon ta 2015. Bayan ajiya ka matso ciki, domin amsar da ya fi yi ita ce tasa ajiyar. In ya iso raga, cilla ta bayansa ko ka nufi ƙafafunsa.

Wanda hannunsa bai yi laushin ajiya ba, gajeriyar yanka zuwa layin sabis ta wadatar. Ita ma tana jawo shi inda ba ya so, kuma haɗarinta kaɗan ne. Kada dai ka yi ajiya don ka gaji da makin. Ajiyar gajiya kyauta ce.

Mataki na 8: Sabis da amsar sabis

Daga ɓangaren dama, yanka sabis zuwa gefe ya fita daga fili, bugu na gaba kuma zuwa filin da ya bari. Bayan ka yi haka sau uku zai fara tsere zuwa can tun kafin ka buga, sai ka mayar ta inda ya baro. Masu gudu sun fi tsanar wannan.

Sabis ɗinsa na biyu kuwa kore ce da doka ta tilasta masa ya ba ka, tunda dole ta sauka cikin akwatin sabis. Tsaya taku ɗaya cikin layin baya, yanka ta bin layi, ka bi ta zuwa raga. Ko ba ka ci kowane maki ba, zai fara ƙara wa sabis ɗin ƙarfi, daga nan kuskuren sabis biyu a jere, wanda ke ba ka maki kyauta, ke fara fitowa.

Mataki na 9: Lissafi da yanayi

A 40-0 ko 30-0, wato kana gaba da maki uku ko biyu, gwada sabon abu. A 30-30, wato kowa na da maki biyu, yi abin da ka fi iyawa, amma kada tsoro ya mayar da kai bayan layi kana tura ƙwallo, domin a wasan tura-in-tura shi ne malami. In ka zubar da biyu a jere, juya baya, gyara zaren raket, ja numfashi, sannan ka dawo.

Fili ma yana da magana. Gasar Dala a Kano a kan fili mai tauri ake yin ta, Kaduna kuma ta yi suna da filin jar ƙasa. A mai tauri ƙwallo na gudu, shiga raga ta fi riba. A jar ƙasa ƙwallo na rage gudu ta yi tsalle, bango yana samun lokaci, don haka ka ƙara bugu biyu ko uku kafin ka shiga, ka kuma yawaita ajiya. Da zafin bazara ƙwallo takan yi rai ta zarce, haka ma a Jos da ke kan tudun kimanin mita 1,200, sai a ƙara murɗawa. Da iskar hunturu kuwa ka lura da inda take kaɗawa. In tana bayansa, cillawarsa za ta riƙa fita waje, shiga raga abinka. In tana bayanka, cillawarsa za ta riƙa gajarta, simash ya samu, amma kai ka rage hannu a bugun shiga.

Ni kwana uku nake fita a mako. Ranar farko mataki na 2 zuwa na 4, ta biyu bugun shiga da raga da simash, ta uku wasan gaske da doka ɗaya: duk koren da ban bi zuwa raga ba, makin na abokin karawa ne ko da ni na ci. Wata huɗu ina haka kafin na fara cin Baba set, 7-5. Ya daɗe yana kallona a bakin raga, sannan ya ce, “Wa ya koya maka rowa?” Sati biyu bayan nan ya dawo da sabuwar dabara, yana cilla mini ta saman kafaɗar hagu inda simash ba ya kaiwa. Ita nake ta fama da ita a wannan watan, kuma Asabar mai zuwa muna da alkawari da ƙarfe bakwai na safe.